Kowa Ya Ajiye Kayansa a Huruminsa

A saman kowane fayil da aka rubuta bisa ƙa'idar TEI akwai wani ɗan layi da masu aikin yanzu suke kwafowa su manna ba tare da sun tsaya sun karanta shi ba: xmlns="http://www.tei-c.org/ns/1.0". Layin nan alkawari ne. Wanda ya rubuta shi yana shaida wa duk mai buɗe fayil ɗin, mutum ko na'ura, yau ko bayan shekara hamsin, cewa alamomin da ke ciki na TEI ne, kuma kowace tana nufin abin da Jagoran TEI ya ce tana nufi, babu ragi babu ƙari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne alkawarin nan ya yi arha a hannun masu sana'armu. Ana ɗaukarsa da safe a karya shi kafin azahar, mai karyawar kuma ko a jikinsa.

Ga wanda bai san fagen ba, ga yadda abin yake. Idan ana son adana littafi ko wasiƙa ko waƙa a kwamfuta ta yadda za a iya bincike a ciki, hoton shafi kaɗai ba ya wadatarwa. Sai an buga rubutun, sannan a bi shi ana sa alamomi: nan babi ya fara, wannan sunan mutum ne, wannan kwanan wata ne, nan marubuci ya goge kalma ya sa wata, nan gara ta ci takarda. A watan Nuwamba na 1987 masana suka taru a Kwalejin Vassar da ke Poughkeepsie a jihar New York ta Amurka, saboda a lokacin kowace cibiya da irin nata salon sa alama, aikin da aka yi a wannan gari ba ya karantuwa a wancan. A taron nan aka haifi TEI. Michael Sperberg-McQueen da Lou Burnard suka zama editocin Jagoran. Bugun da ake kira P3 ya fito a 1994 a kan SGML, P4 ya koma kan XML a 2002, sai P5 a Nuwamban 2007, wanda shi ake ta sabuntawa har gobe. Manufar tun farko ɗaya ce, abin da ka yi wa alama a nan wani ya ɗauka a can ya gane, ba sai ya neme ka ba.

Da P5 hurumin sunaye ya shigo TEI. Ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idarsa a Janairun 1999, kusan shekara guda bayan XML kansa, don warware wata matsala mai sauƙin ganewa: sunaye kaɗan, masu so da yawa. Alamar note a TEI bayanin gefe ce, a MEI kuwa, ƙa'idar masu rubuta kiɗa, note sauti guda ne na kiɗa. Alamar text a TEI gangar jikin littafi ce gaba ɗaya, a SVG 'yan haruffa ne da aka rubuta a jikin zane. Idan irin waɗannan suka haɗu a fayil ɗaya, na'ura ba ta da yadda za ta bambance su sai an gaya mata. Saboda haka cikakken sunan kowace alama kashi biyu ne, adireshin hurumin da ta fito da kuma ɗan gajeren sunanta. Ɗafa-goshin da ake gani, irin su tei: ko svg:, laƙabi ne na cikin fayil kawai, ana iya musanya shi da kowane. Adireshin shi ne asali.

TEI ba ta taɓa hana kowa gyara ba. Alamominta sun haura 500, babu kuma aikin da yake buƙatar su duka, don haka Jagoran da kansa yake kira ga kowane aiki ya daidaita ƙa'idar da bukatarsa. Har hanyar yin hakan an shimfiɗa, wato ODD, takarda guda wadda a cikinta za ka faɗi rukunonin da ka ɗauka, da alamomin da ka zubar, da waɗanda ka ƙuntata, da waɗanda ka ƙara. Daga ita ake fitar da sikima, ma'aunin da na'ura ke gwada fayil da shi, daga ita kuma ake fitar da bayanin da mutane za su karanta. Marigayi Sebastian Rahtz na Oxford, wanda ya rasu a 2016, ya shafe shekaru yana gina kayan aikin da ke yin wannan, har da manhajar Roma. Ragi da ƙuntatawa su ne ake kira gyara mai tsabta, domin duk fayil ɗin da ya wuce ma'auninka zai wuce na TEI cikakke. Idan kuwa ka ƙirƙiro abin da babu shi a Jagora, sharaɗi ɗaya aka gindaya maka: ka sa shi a huruminka. Gurbin cikewar ma ɗaya ne, sifar ns a jikin elementSpec. Bai kai aikin minti biyu ba.

Mutanen farko ba su sami wannan gata ba. A zamanin P3 da P4 babu hurumin sunaye a TEI ko kaɗan, mai son ƙari sai ya rubuta fayiloli biyu daban cikin harshen DTD mai wuyar sha'ani, ɗaya yana faɗin abin da ya soke ko ya sauya, ɗaya yana bayyana abin da ya kawo. Da kwamfutoci masu rauni suka yi haka, kuma saboda sun yi aka iya kwashe ayyukan shekarun 1990 zuwa P5 daga baya. Mu da aka tauna mana aka sa mana a baki, mu ne haɗiyewa ta gagara.

Bari in kawo misali daga abin da ya fi kusa da mu. A ce wani yana buga waƙoƙin Hausa. Baiti yana da alamarsa a TEI, lg. Ɗango yana da tasa, l. Amshi sai a rubuta lg a sa masa sifar type. Kari da amsa-amo ma an tanadar musu sifofin met da rhyme. Sai ya iso inda mawaƙi ya tsaya ya zuba kirari, ya duba ya ga babu alamar kirari a Jagora. Hanya biyu ce ta gaskiya a gabansa. Ko ya ɗauki seg, alamar da aka tanada don kowane yanki na magana, ya sa mata type="kirari", ya tsaya cikin TEI ɗari bisa ɗari, wannan kuwa a mafi yawan lokuta ita ce ta fi. Ko kuma, idan kirarin yana da tsari na ciki da yake son na'ura ta riƙa tsarewa, ya ƙirƙiri alamar kirari a hurumin aikinsa, ya bayyana ta a ODD, ya ce ga ma'anarta, ga inda take iya shiga, ga abin da take ɗauka, ga misali, har ya yi amfani da equiv ya nuna yadda za a mayar da ita seg ga wanda ba ya bukatarta. Abin da ake yi yanzu shi ne na uku. A rubuta kirari tsirara a ƙarƙashin tutar TEI, a bar ns babu komai, alamar ta faɗa hurumin da ba nata ba. Sai a gwada fayil da sikimar da mutum ya ƙera da hannunsa, fitila ta yi kore, a ce aiki ya inganta. Yaya ba za ta yi kore ba? Kai ka kawo kaya, kai ka ƙera ma'auni, kai ka auna.

Ɓarnar ba ta bayyana a ɗakin da aka yi ta. Sai ranar da fayil ya bar gida. Mai ɗakin ajiya zai haɗa shi da dubban wasu, manhajarsa ta ci karo da alamar da ta ce ita ta TEI ce, ya buɗe Jagora ya neme ta ya rasa. Bai san ko kuskuren bugu ba ne, ko tsohuwar alama ce da aka daina, ko sabuwa ce da bai ji labarinta ba. Da a huruminta take, da doka ɗaya ta ishe shi: duk abin da ba na TEI ba, a ajiye shi gefe, ko a tuɓe alamar a bar rubutun. Akwai kuma haɗarin gobe. TEI tana girma, a 2020 ma alamar standOff ta shigo da fitowa ta 4.0. Duk wanda ya riga ya ƙirƙiri tasa standOff a hurumin TEI da wani tsari daban, daga ranar nan fayilolinsa suka koma suna faɗin abin da bai nufa ba, alhali wanda ya sa tasa a huruminsa babu abin da ya same shi.

Malamanmu na zaure sun san wannan ladabi tun kafin a san lantarki. Mai kwafar littafi yana rubuta matani a tsakiyar shafi, nasa bayanin ya kai shi gefe ko tsakanin layuka da ƙananan haruffa, sau da yawa da wata tawada daban. Ba don bayaninsa ba shi da daraja ba ne, wani sharhin ma ya fi matanin amfani ga ɗalibi. Don kada a jingina wa mawallafi abin da bai faɗa ba ne. Wanda ya cusa maganarsa cikin matani ba a ce masa gwani, ana ce masa ya ci amana, kuma kwafinsa ya faɗi. Hurumin sunaye gefen shafinmu ne.

Wanda ya fi wannan muni shi ne mai ɗaukar alamar TEI ta gaske ya ba ta wata ma'ana. Ya ga l gajeriya ce mai daɗin bugawa, sai ya riƙa sa ta a kowane layin shafi, alhali l ɗangon waƙa ce, karyewar layi a takarda kuwa lb ce. Wannan ko sikimar TEI cikakkiya ba lallai ta kama shi ba, domin na'ura siffa take gani, ba ta ganin niyya. Shi ya sa cikin sharuɗɗan da Jagoran ya lissafa na dacewa da TEI, ban da ingancin XML da wuce sikima, akwai bin ma'anar alamomi, da amfani da hurumi yadda ya kamata, da rubuta ODD. Uku na ƙarshen nan su ne aka yi wa riƙon sakainar kashi, don babu fitilar da ke kunnawa a kansu.

Sai masu share layin xmlns gaba ɗaya. Ɗalibi ya rubuta //div yana neman sassan littafi, babu abin da ya fito, alhali ga su nan yana gani da idonsa. Dalilin sananne ne: a XPath 1.0 sunan da ba shi da ɗafa-goshi yana nufin alamar da ba ta cikin kowane hurumi. Maganin layi ɗaya ne, ya ɗaura tei: a kan adireshin TEI ya rubuta //tei:div, ko kuma a XSLT 2.0, wanda yake nan tun 2007, ya sa xpath-default-namespace. Maimakon haka sai a je saman fayil a goge xmlns, bincike ya yi aiki, a yi murna, har a koya wa na baya cewa dabarar ke nan. Abin da ya rage bayan gogewar ba TEI ba ne, ko da kowace alama ta yi kama da ta TEI. Ɗan'uwan wannan shi ne mai zuba local-name() ko'ina don kada ya wahala, daga nan note ta sharhi da note ta kiɗa suka zama ɗaya a wurinsa. Akwai kuma xmlns="" da ke ɓullowa a tsakiyar fayil bayan an wuce da shi ta wata manhaja da ta ƙirƙiri alama ba tare da hurumi ba. Na sha buɗe fayilolin da aka ce an kammala, in tarar da rabin sakin layinsu marayu ne ta wannan hanya, babu wanda ya lura tunda a allo komai ya fito tsaf.

Adireshin kansa ma bai tsira ba. Na'ura harafi da harafi take gwada shi, ba ta shiga intanet ta ga ko yana buɗewa. Wanda ya mayar da http ya koma https don ya ji an ce shi ya fi tsaro, ya fice daga TEI ke nan da harafi ɗaya. Haka wanda ya ƙara sanda a ƙarshe, haka wanda ya ga 1.0 ya ɗauka lambar fitowa ce ya ce bari ya sabunta. Lambar nan ba ta motsa ba tun 2007. Waɗanda kuma suka yi niyyar kirki suka ce za su buɗe nasu hurumin, da yawansu adireshin misali suke kwafowa, mai example.com a ciki, wanda tun 1999 aka keɓe don koyarwa kawai, ba mallakin kowa ba ne. Idan ayyuka goma suka kwafi adireshin nan ɗaya, kirarin wannan da kirarin wancan sun sake cakuɗewa, an gudu ba a tsira ba. Ka zaɓi adireshi a ƙarƙashin sunan intanet na jami'arka ko cibiyarka, wanda kuke da niyyar riƙewa, kuma da zarar ka fara rarraba fayiloli kada ka sake taɓa shi.

Ba zan ɓoye cewa abin yana da sarƙaƙiya ba. DTD ba ta san hurumi ba sam, shi ya sa P5 ya dogara da RELAX NG wajen sikima. Mafi rikitarwa kuma sha'anin sifofi ne: xmlns ɗin saman fayil alamomi yake rufewa, ba ya rufe sifofi. Sifar da ba ta da ɗafa-goshi ba ta cikin kowane hurumi, mai karatu kuma zai ɗauka ta alamar da take jikinta ce. Saboda haka idan ka liƙa wa persName, alamar sunan mutum, sabuwar sifa tsirara, ka sa wa TEI magana a baki. Ita ma sai ka ba ta huruminka da ɗafa-goshinka, attDef yana da gurbin ns don haka. Kafin ma ka ƙirƙira, ka duba ko akwai. Mai son nuna harshe ba ya bukatar sabuwar sifa, xml:lang tana nan, ha don Hausa, ha-Arab don ajami, ha-Latn don boko. Mai son ma'aikatansa su ga sunayen alamomi da Hausa, altIdent ta ba shi dama, sunan asali yana nan rubuce a ODD, amma ya mayar da fayilolin kan sunayen asali kafin su fita hannunsa. Wuyar abu dalili ce ta a zauna a koya. Wanda ya iya karanta rubutun hannu na shekara ɗari biyu ba zai ce shafi uku na bayanin xmlns sun fi ƙarfinsa ba.

Mu masu rubutu da Hausa bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba, don mun ɗanɗana. Kafin Unicode ya wadata a kwamfutocinmu, an yi amfani da wasu nau'o'in haruffa da suka ɗora ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v. Dabara ce mai kyau a lokacinta, ta fitar da littattafai da kundayen digiri masu yawa. Amma ma'anar tana cikin kwamfutar mai bugawa, fayil ɗin kansa q da x da v yake ɗauke da su. Da ya je inda babu irin haruffan sai a ga qasa da xaki da varawo, mai neman ƙasa kuma ba zai same ta ba. Waɗancan suna da uzuri, babu wata hanya mai sauƙi a gabansu. Mai cusa alamarsa a hurumin TEI yau irin wannan rami yake haƙawa, ga hanya kuwa shimfiɗe a gefensa.

Me ya kawo lalacewar? A ganina an juya abin da ake ɗauka shi ne aikin. Da can fayil shi ne aikin, shafin intanet tufa ce da ake sauyawa. Yanzu shafin ake nunawa masu ba da kuɗi, fayil ya koma abin bayan gida da ba mai leƙawa. Kuɗin aiki na shekara biyu ko uku ne, ana ba ɗalibai horon mako guda a ce su fara, wanda ya ƙera sikima ya tafi da bayaninta a kansa. Wani ma RELAX NG ɗin da aka fitar yake gyarawa da hannu, ODD ta tsaya a baya tana faɗin wani abu daban. Kwanan nan kuma ga manhajojin da ake tambaya su rubuto alamomi nan take. Sukan kawo abu mai kyan gani, su ƙirƙiri alama ko sifar da babu ita, su ɗora mata tutar TEI, kuma wanda bai san Jagora ba ba shi da yadda zai gane. Shafin intanet yakan mutu cikin 'yan shekaru. Fayil ɗin ne zai saura, shi ne kuma aka wulaƙanta.

Ba a rasa na koyi ba. EpiDoc, wanda masu nazarin rubutun kan duwatsu da takardun fafiras na Girka da Rum suka fara tun wajajen 2000, ya nuna yadda fage guda zai haɗu a kan daidaitawa ɗaya rubutacciya, har dubun dubatar matani suna yawo tsakanin cibiyoyi. Ma'ajiyar rubutun Jamusanci ta DTA da ke Berlin ta zaɓi ta rage ta ƙuntata, tsarinta ya tsaya cikin TEI. Fihrist, kundin haɗin gwiwa na rubuce-rubucen hannu na duniyar Musulunci da ke ɗakunan karatu na Birtaniya, a kan TEI yake, haka Beta maṣāḥǝft na Hamburg da ke aiki kan littattafan Habasha da Eritiriya tun 2016, wanda ya baje sikimarsa da jagoransa a fili kowa ya gani. Idan kuma kana ganin abin da ka ƙirƙira zai amfani kowa, ƙofar Majalisar Fasaha ta TEI a buɗe take a GitHub, ka kai buƙatarka a tattauna. Ta haka alamomi da yawa suka shiga Jagora. Kafin a karɓa, alamar taka ce, ta zauna a huruminka.

Rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke jibge a Sakkwato da Kano da Kaduna da Yamai, yawancin aikin bayyana su da buga su yana gaba. Za mu tarar da abubuwan da Jagoran bai tanada ba, kuma za mu buƙaci ƙari. Idan muka fara da wannan sakaci, za mu kashe kuɗi da shekaru mu tara fayilolin da Sakkwato ba za ta iya haɗa nata da na Yamai ba.

Don haka ina kira ga malaman da ke koyar da wannan fanni, ku sa darasin hurumi a makon farko, kada ku bar ɗalibi ya ƙara alama ko ɗaya kafin ya iya faɗin cikakken sunan p, alamar sakin layi. Shugabannin ayyuka, kada ku karɓi fayil babu ODD a tare da shi, ku ajiye su wuri ɗaya, ku riƙa gwada aikinku da tei_all, wato sikimar TEI cikakkiya, ban da sikimarku, duk inda suka saɓa ku san dalili. Masu ba da kuɗi, ku nemi ganin fayil, kada ku tsaya ga shafi. Kai kuma ɗan'uwa da ke zaune gaban allo, ka buɗe aikinka yau ka lissafa duk alama da sifar da kai ka ƙirƙira. Wadda seg ko type za su wadatar, ka mayar da ita. Wadda ba za su wadatar ba, ka ba ta adireshinka, ka rubuta ma'anarta a ODD, tun kana raye kana tuna abin da ka nufa da ita.